Filin Mai Lambu: "Na gama difloma, Baba ya ce in dawo cika leda"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da damina. Saƙonni sun taru sosai wannan karon, yawancinsu kan dashe ne tunda lokacinsa ne, amma akwai guda ɗaya daga Bunkure da ya tsaya min a rai, da shi zan fara kuma zan ɗan daɗe a kansa, sauran ku yi haƙuri in amsarku ta zo a gajarce.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Gidanmu tun kan kakanmu renon dashe ake yi, mangwaro, gwaba, lemo, darbejiya, in rani ya zo kuma yafin tumatir da albasa. Na yi difloma ta aikin gona a kwalejin Audu Bako ta Ɗambatta na gama bara, yanzu Baba ya ce ƙarfinsa ya fara raguwa in dawo in riƙe lambu, ni kuma wallahi abokaina duk suna Kano suna neman aikin ofis, in na ce zan koma cika leda sai su sa min dariya, sannan ko a lambun ma duk abin da na kawo na makaranta sai Baba ya ce a'a ba haka muka gada ba. Ya zan yi? Daga Ɗan mai dashe, Bunkure.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni ma ɗan irin gidanku ne, kakana da jigo ya yi ban ruwa, mahaifina da inji, ni ne na farko da aka tura makarantar gona, saboda haka maganar nan da ka yi na san ɗacinta. Ra'ayina kai tsaye shi ne ka koma, amma ka koma da tsari, kuma bari in faɗa maka dalili.

Akwai abin da ke hannun Baba wanda ba kwalejin da za ta baka, shi ne suna. Ka duba yadda sana'ar nan take, mai tumatir a 'Yankaba in ya sayar maka da ruɓaɓɓe kafin ka kai gida ka gane, amma wanda ya sayi mangwaro ɗan aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, a leda sai ya kai gona ya dasa ya yi ta ɗawainiyar ruwa da shinge shekara 3 ko 4 kafin ya ga ɗan fari ya san ko abin da aka ce masa ne ko ba shi ba, to ka ga mutumin da zai ɗauki kuɗinsa ya miƙa a kan abin da ba zai tantance ba sai bayan shekara 4 ba leda yake saya ba, amanar mai ledar yake saya. Duk wanda ka ga ya taso daga Rano ko Wudil ya wuce masu dashe na bakin titi ya zo lambunku, akwai bishiyar Baba ko ta kakanka da take ba da 'ya'ya a gidansu ko gidan maƙwabcinsa. Abokanka da ke dariya ko an basu jari yau suka buɗe lambu sai sun shekara goma kafin su samu wannan, kai kuma an ajiye maka shi. Sai iyayen bishiya, wato manyan mangwaro da lemon da ake yankar reshe a jikinsu don yin aure, waɗanda an riga an san ɗanɗanonsu da lokacin nunarsu, su ne ainihin jarin lambu ba ledoji ba, kuma su ma shekaru ne suka gina su. Na uku hannu. A makaranta an koya maka yadda ake tsaga gindi a fiƙe reshe a haɗa ɓawo da ɓawo a ɗaure da leda, na yarda, amma ka zauna gefen Baba ka yi ɗari shi ma ya yi ɗari bayan sati uku ku ƙirga wanda ya kama, daga nan za ka san har yanzu kai ɗalibi ne a wajensa, kuma gara ka kwashi wannan ilimin yanzu yana da rai yana da ido.

To kai me ka kawo? Ka kawo sanin dalili. Baba ya san in yafi ya yi cunkoso kuma ruwa ya yi yawa sai tsiro ya riƙa kwanciya daga gindi, kai ka san cutar da ke cikin ƙasa ce ke cin gindin, ka san za a iya rage ta da gasa ƙasar bedi, wato wurin da ake yafa irin, ko rufe ta da leda a rana kafin yafi da kuma rage ban ruwan yamma. Ka san tire na renon iri, wanda kowane tsiro ke da raminsa, in an cire shi da ƙasarsa yake fita ba ya jin jiki in an dasa, ga shi irin zamani na gwangwani da tsada ba a wasa da ƙwaya ɗaya. Ka san rumfar raga. Duk wanda ya yi noman tumatir a yankinku bai manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam har tumatir ya gagari talaka, tun daga lokacin manomi mai hankali yana neman dashen da ya taso a tsare, ba wanda ya kwaso ƙwan tsutsa tun daga bedi ba. Sannan ka iya rubutu da lissafi, kuma wallahi nan ne gidajenmu suka fi rauni, za ka samu dattijo ya shekara arba'in yana sana'a amma bai taɓa rubuta nawa ya kashe a leda da taki da man inji ba, nawa suka mutu nawa suka fita, kuɗi dai na shigowa ana cefane. Ka sayi littafi tun ranar farko, kowane layi ka sa masa alama, wane iri ne, daga wace bishiya aka yanko reshen, wace rana aka yi auren, wa ya saya.

Maganar "ba haka muka gada ba" kuma, kar ka yi musu da shi ko sau ɗaya, musamman gaban ma'aikata ko masu saye, dattijo ba ya karɓar gyara a gaban mutane kuma bai kamata ɗa ya sa shi a wannan halin ba. Ka roƙe shi kusurwa ɗaya ta lambun ka ce Baba a bani nan in gwada abin da aka koya mana, in ya lalace asarata ce. Ka yi naka a nan shiru, shi da kansa zai riƙa leƙawa in ya zo wucewa, ranar da ya ga naka ya fi ba sai ka ce komai ba, in kuma nasa ya fi ka ƙaru. Akwai abubuwan da za ka ga kamar camfi ne amma in ka bincika akwai hikima, misali ƙin yin aure a tsakiyar hunturu, ai iskar ce ke busar da reshen kafin ya kama.

Abu ɗaya da nake so ka yi kafin ka kwashe kayanka ka dawo, a zauna a yi maganar kuɗi a fili. Kar kunya ta hana ka. In ba za ka iya faɗa wa Baba da bakinka ba ka bi ta wajen Baffanka ko Inna, a san meye rabonka a abin da aka sayar, a san 'yan uwanka sun sani sun yarda. Na ga gidaje da yawa da yaro ya ba da ƙuruciyarsa a lambu ba albashi ba kaso, ranar da uba ya faɗi aka zo rabon gado sai ya tashi daidai da wanda bai taɓa ɗaga bokiti ba, zumunci ya lalace, wani lokacin ma a sare iyayen bishiyar a yanka filin a sayar. Rabon gado na malamai ne su za su yi shi yadda shari'a ta ce, amma ladan aikinka na yau wannan tun Baba na raye ake tsayar da shi.

Kuma ka gode wa Allah da inda ya ajiye ku. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974 yankinku yake da ruwan rani, abin da mai dashe a Babura ko Maigatari yake saye da tsada. Ga tashar Bagauda ta cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda hedikwatarta ke Ibadan, nan kusa da ku, ka je ka gabatar da kanka ka san ma'aikatan. Ga shirin nan na katangar bishiyoyi ta Afirka da aka amince da shi a 2007, Kano da Jigawa suna cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, buƙatar dashe ba za ta ƙare ba. Sai dai in ja kunnenka kan 'yan kwangila, wanda zai zo da babbar mota ya ce a rena masa dubu ashirin zai biya in an biya shi, kar ka cika leda ɗaya sai ya ba da kafin alƙalami an rubuta an sa shaidu, don dashe ba buhun masara ba ne da za ka ajiye a rumbu, in damina ta wuce bai zo ba saiwa ta huda leda ta kama ƙasa kai ne da ban ruwan wata takwas. Wayarka ma jari ce, hoton dashe mai kyau a WhatsApp da Facebook yana kawo mai saye daga inda Baba bai taɓa zuwa ba. In kuma Allah ya kawo aikin malamin gona nan gaba ba sai ka ƙi ba, da yawanmu mun haɗa biyun, kuma manoma sun fi sauraron malamin da suka san yana da lambun kansa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Wani ne ya fito neman aurena, mutumin kirki ne kowa ya shaida, sana'arsa renon dashe a bakin kogi, amma Umma ta ce tana tsoro wai sana'ar damina ce kawai, in rani ya yi da me zai riƙe ni. Dan Allah ya rayuwar gidan mai dashe take? Daga wata 'yarka a Ringim.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Umma ba ta yi laifi ba, tambayar da ya kamata uwa ta yi ce. Gaskiya ne kuɗin bishiya a dunƙule yake zuwa daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, lokacin kowa ke son dasawa, amma mai dashen da ya san aikinsa ba ya zama. Damina na ja da baya ya shiga yafin tumatir da attaruhu da tattasai da albasa don 'yan noman rani, tumatir sati 3 zuwa 4 ya isa dashe, albasa takan kai sati 6 zuwa 8, wannan kuɗi ne mai saurin juyawa. Da bazara ga 'ya'yan mangwaron iyayen bishiya, a sayar da wasu a tara ƙwallon wasu a shuka don dashen baɗi. To abin da Abba ko Kawu za su bincika shi ne, bishiya kaɗai yake yi ko yana haɗawa da yafi, filin nasa ne ko aro, ruwansa daga ina, sannan tunda kin ce bakin kogi, ina yake kai ledojinsa in ruwa ya taso, don mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja ba sai an basu labarin ambaliyar 2022 ba, mai hankali yana da tudun da yake kwashe kaya tun Agusta bai yi nisa ba.

Sai abin da ke kanki ke. Ki sani mijin nan daga sallar asuba lambu zai wuce, don ban ruwa kafin rana ta ɗaga ake yi, da la'asar ya koma, kuma ba ranar hutu, ranar Sallah ma daga idi sai ya leƙa, tafiyar kwana uku sai ya samu wanda ya amince wa ya bar masa, a watan Afrilu yini biyu ba ruwa ya isa ya kashe aikin shekara. Zai dawo da taɓo a ƙafa da kaushi a hannu. Amma kullum yana gari, kin san inda yake, ba ɗan ci-rani ba ne da za ki yi wata shida ba ki gan shi ba, gidanki ba zai rasa zogale da kayan miya da 'ya'yan itace ba. A gidanmu iyayenmu mata daga cikin gida suke cika leda ana biyansu a kan ɗari, wasu har suna da nasu layin zogale da gwanda a bayan ɗaki suna sayarwa, in kina da sha'awa kema ƙofa ce. Kuma sana'a ce mai lada, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa musulmin da ya dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Ni dai in bincike ya nuna ba ya sayar da na ƙwallo da sunan ɗan aure, ban ga abin tsoro ba.

TAMBAYA: Malam bara na sayi mangwaro ɗan aure guda 20 na dasa a gonata a watan Satumba, yanzu 5 suka rage, anya ba cutata mai dashen ya yi ba? Daga Manomi, Gumel.

AMSA: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Ba lallai cuta ba ce, ni lokacin da ka dasa ne ya fi damuna. A Gumel Satumba ruwa na bankwana ne, dashen bai kafa saiwa ba hunturu ya same shi. A yankinku da zarar ƙasa ta jiƙu sosai a Yuli ake dasawa don ya sha ruwan Agusta gaba ɗaya. Ka haƙa rami kamar santimita 60 faɗi da zurfi tun kafin ruwa, ka haɗa ƙasar sama da takin da ya ruɓe sosai, ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Ka yanke ledar da reza ka cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba, akwai masu binnewa da ledar wai za ta ruɓe, ba ta ruɓewa. Tabon auren ya zauna sama da ƙasa kar ka binne shi, duk reshen da ya fito ƙasa da tabon ka cire don na gindin ne, in ka bar shi zai rinjayi na saman ka ƙare da mangwaron gargajiya. Tazara kamar mita 10 tsakani. Sai shinge saboda awaki, da ban ruwa rani biyu na farko ba fashi, ka rufe gindin da ciyawa amma kar ta taɓa jikin itacen. In ya yi fure a shekarar farko ka cire, ka bar shi ya yi jiki tukuna.

Wajen saye kuma ka duba tabon da idonka, ka ɗaga ledar ka ga ko saiwa ta huda ta shiga ƙasa an fizgo ta, irin wannan yakan yi yaushi bayan kwana biyu. Biyar ɗin da suka rayu ka kula da su, wanda ya tsallake rani ɗaya a Gumel ya yi rabin tafiya. Bana ka cike gurbin guda goma kawai in ruwanka ba zai ɗauki sha biyar ba.

TAMBAYA: Hajiyarmu ta kawo dabinon ajwa daga Madina na shuka ƙwallayen sun fito, shekara nawa zan jira in ci ajwa? Daga wani ɗalibi, Kiyawa.

AMSA: Ɗana ka rena su amma kar ka sa rai da ajwa. Dabino akwai namiji akwai mace, in ka shuka ƙwallo kusan rabi maza za su fito, ba kuma za ka gane ba sai sun yi fure bayan shekaru, sannan macen ma ba lallai ta ɗauko uwarta ba. Mai son iri na ainihi 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwar yake cirewa ya dasa, su ne ke fitowa sak. Kuma ko mace ta yi fure sai an ɗauko garin furen namiji an sa mata da hannu kafin ta yi 'ya'yan kirki, namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. Kai da kake Kiyawa ga Dutse nan kusa, akwai tashar binciken dabino ta NIFOR, ga kuma tsofaffin masu dabino na garin, ka je ka ga yadda suke yi da idonka.

TAMBAYA: Na shuka irin darbejiya da na kuka a leda wata guda shiru. Daga Malamar firamare, Kazaure.

AMSA: Sannu da ƙoƙari Malama. Matsalarsu ba ɗaya ba ce. Irin darbejiya ba ya ajiyuwa, 'yan makonni kaɗan yake mutuwa, ki tsinci nunannun da suka faɗo ki wanke naman ki shanya a inuwa ki shuka a satin. Na kuka kuma ɓawonsa ne ke da tauri ruwa ba ya shiga, ki zuba masa ruwan zafi ki bar shi ya kwana a ciki, ko ki ɗan kankare gefe ɗaya da dutse kafin ki shuka, haka ake yi wa bagaruwa da gawo ma. Ƙasar ledar ki haɗa kashi biyu ƙasar gona, ɗaya yashi, ɗaya ruɓaɓɓen taki, ki huda ƙasan ledar don ruwa ya riƙa fita. In da 'yan ajinki kike yi, ki ba kowane yaro leda biyu da sunansa a jiki, kuma ki tsara wanda zai riƙa ban ruwa lokacin hutun makaranta tun kafin a tashi.